Baba Ƙugiya da Jarumar da Ba Ta Kasa Ba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake jingine kekensa a bangon maɗaba'a, kullum a wuri guda, har fentin ya goge daidai inda kan keken yake taɓawa. Yakan gaida maigadi, ya wuce ta gaban injina biyun da ba a tayar ba tukuna, ya shiga wani lungu da aka yanka masa da katako a bayan ɗakin ajiyar takardu. Teburinsa ƙarami ne. A kai akwai rular ƙarfe, da jan biro biyu, da alƙalamin tawada guda ɗaya da ba ya ara wa kowa, da kofin shayi wanda sai ya huce yake tunawa da shi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan zama, kuma a ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki.

Aikinsa duba rubutu ne. Marubuci ya rubuta, mai kwamfuta ya tsara shafuka, amma kafin takarda ta shiga inji sai ta bi ta hannunsa. Ba a sa sunansa a bangon littafi, ba a sa shi a bayansa. In littafi ya fito tsaf, marubuci ake yaba wa. In kuskure ya tsallake, a ranar ce kowa yake tuna akwai wani mutum a lungu.

Wanda bai saba ba, in ya ji shi yana aiki, sai ya ɗauka ɗan aji ɗaya ne aka kulle a wurin. Yakan ɗora rula ƙarƙashin layin ƙarshe na shafin ƙarshe, ya karanta a fili, kalma bayan kalma, yana bi da yatsa, yana hawa sama har ya kai farkon littafi. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan karatun baibai. Ya ce in ya fara daga sama, labari yakan ɗauke masa hankali, idonsa ya riƙa cike abin da babu shi a takarda. Ya ce mu manya mun daina karatu tuntuni, hange muke yi mu wuce, yara ne kawai suke karanta abin da aka rubuta.

Sunan da kowa ya san shi da shi Baba Ƙugiya. Ma'aikatan inji ne suka laƙaba masa, saboda yadda ya ɗauki 'yar lanƙwasar nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ kamar amanar da aka damƙa masa shi kaɗai. Sun yi ne don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har in an kira waya ana neman mai duba rubutu sai ya ce, "Ƙugiya ke magana."

Ni malamar aji ɗaya ce, kuma ta dalilin yarana na san shi. Na gaji da littattafan koyon karatu da ba sa sa yaro ya ƙosa ya juya shafi, sai na fara rubuta nawa: 'yan labarai na jarumai masu ƙarfin ban mamaki, shafi goma sha shida, jimla ba ta wuce kalma huɗu ba. Na farko shi ne Jarumi na Sama, wani saurayi mai jan mayafi da yake tashi kamar shirwa, ya sauko da kyanwa daga kan bishiya, ya tare rufin kwano da iska ta yaye. Na kai rubutun maɗaba'a kaina a kumbure, ina jin na zama marubuciya. Bayan kwana biyu aka dawo mini da shi ja wur. A shafi na tara na rubuta cewa jarumi ya daure barawo. Baba ya zagaye kalmomin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malama, jarumin nan naki haƙuri yake yi, ko igiya ce a hannunsa?" Na ce ai kowa ya gane abin da nake nufi. Ya ce kowa ban da mutumin da na rubuta dominsa. Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, don shi ke da gaskiya.

Littafin ya shiga makarantu, yara suka kama shi. A ajina, duk tsumman goge allo ya zama mayafi, sai da na riƙa ɓoye shi a aljihun tebur. Muka yi na biyu, muka yi na uku. A duk cikinsu Baba bai taɓa barin kalma mai wuya ta wuce ba tare da ya tambaye ni ko akwai mai sauƙi ba. Mai kula da inji ya ba ni labarin ranar da Baba ya tsayar da bugu ana tsakiyar aiki, don ya hango jimla ta rabu, rabi a wannan shafi rabi a wancan, ya ce ɗan shekara shida ba zai iya riƙe rabin magana a baki yana juya takarda ba. Mai maɗaba'a ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, Baba yana tsaye da hannu a baya, sai da aka gyara.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau ya faru shekara goma sha tara da suka wuce. A ajina na wannan shekarar akwai wata yarinya da muke kira Shiru. Tana zama a bencin ƙarshe kusa da taga. Na san ta iya karatu, don ina ganin leɓenta yana motsi daidai in wani yana karantawa, amma wata biyar ban ji muryarta a kan littafi ba. In na nuna ta, sai ta sunkuyar da kai ta kama gefen benci. Akwai kuma wani yaro da na raɗa wa Sarkin Surutu, wanda ya kafa doka a filin wasa cewa mace ba ta zama jaruma, aikin mata shi ne su tsaya a ƙasa su yi ihu a zo a cece su. 'Yan matan suka kawo mini ƙara. Na yi musu alkawarin littafi na huɗu nasu ne.

Na cika alkawari. Tun da mun yi na sama, na ce bari a yi ta ƙasa: yarinya mai hular fitila da manyan safar hannu, wadda take nutsewa cikin ƙasa kamar yadda kifi yake nutsewa a ruwa, ta fito da akuyar da ta faɗa rami, ta toshe bututun da ya fashe. Sunan littafin Jaruma ta Ƙasa. Na yi makonni ina ba yara labarinta kafin a buga, har sun haddace sunan.

Ranar wata Litinin na biya ta maɗaba'a da sassafe, na tarar an gama bugu, kwafi dubu biyu an jera su a kwalaye. Bangon rawaya ne, sunan da manyan baƙaƙen haruffa masu ado, jarumar tana murmushi da hularta. Na zari ɗaya na yi makaranta, ko zama ban yi ba. Na ɗaga shi a gaban aji na ce wa zai karanta mana sunan. Hannuwa suka tashi, kuma can a bencin ƙarshe na ga wani ɗan hannu ya ɗago rabi. Na ce Shiru ta fito.

Ta riƙe littafin da hannu biyu, ta ɗora yatsa a kan harafin farko, ta karanta a hankali, da 'yar murya siririya amma ba gargada: "Ja-ru-ma ta ka-sa."

Sarkin Surutu ya fashe da dariya yana cewa ai dama ya faɗa, ga shi littafin ma ya ce ta kasa. Sauran suka ɗauka. Na karɓi littafin zan gyara mata, sai na duba da kyau. Babu ƙugiya. Abin da aka buga a bangon, manya-manya, shi ne JARUMA TA KASA. Na kalli wannan bango a maɗaba'a, na kalle shi a cikin mota, na ɗaga shi sama a aji, ban gani ba. Yarinyar da ta yi wata biyar ba ta buɗe baki ba ita ce ta gani, kuma ladanta shi ne dariyar yara arba'in. Kafin a tashi tara an riga an canja mata suna zuwa Takasa. Ta koma bencinta ta kifa kai, na san in ba a yi wani abu ba, na rasa muryar yarinyar nan ke nan, wataƙila har ta bar hannuna.

Ana tashi na wuce maɗaba'a, ban tsaya ko'ina ba sai lungun Baba. Na ajiye masa littafin a gaba, na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, don shi sa'an mahaifina ne kuma ina jin kunyarsu har yanzu. Bai katse ni ba. Da na gaji, bai tambayi wanda ya tsara bangon ba. Ya tambaye ni wa ya karanta, shekarunta nawa, kuma ko ta yi tuntuɓe a hanya. Na ce ba ta yi ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yarinyar ta iya karatu. Mu ne muka kasa."

Sai daga baya mai kula da inji ya ja ni gefe ya gaya mini cewa Baba bai taɓa ganin bangon ba. Mako guda ya yi yana jinyar mahaifiyarsa a asibiti, ranar ce ma ya dawo. Ya duba cikin littafin kafin ya tafi, amma bangon an yi shi a bayansa, mai zane ya zaɓi wasu haruffa masu ado da ba su da ƙugiya a cikinsu, kwamfuta ta ajiye K ta wuce. Baba ya san duk wannan lokacin da nake zazzaga masa faɗa, bai ce uffan ba. Da na koma ba shi haƙuri, cewa ya yi ƙugiya ko a ina ta ɓace, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa, kuma haka ya kamata.

Mai maɗaba'a ya ce babu takardar sake bugu, babu kuma lokaci, motar da za ta raba wa makarantu ranar Alhamis za ta zo. Ya ce malamai za su gane, su gaya wa yara. Baba ya ƙeƙasa ƙasa ya ce littafin nan ba zai fita ƙofar nan yana cewa jarumar yara mata ta kasa ba. Ya nemi a ba shi zuwa Alhamis ɗin. Ya ɗauko alƙalamin nan da ba ya ara wa kowa, ya gwada tawada iri uku a kan ɓatattun bangaye har ya sami wadda ta kama ba ta gogewa, ya jawo kwali na farko kusa da ƙafarsa.

Kwafi dubu biyu, ƙugiya ɗaya-ɗaya, da hannu. Matar da ke naɗe shafuka ta ce mini da farko dariya suke yi masa ta ƙasa-ƙasa. Zuwa Talata da rana ita ce take miƙa masa littafi, mai kula da inji yana karɓa yana shimfiɗawa don tawada ta bushe, har ƙasan ɗakin da saman kwalaye da kan injin da ba ya aiki duk suka zama rawaya. Mai zanen da ya yi kuskuren ya zo ya ce a ba shi alƙalami ya taya. Baba ya ce ya gode, amma in hannu biyu suka yi, ƙugiyar za ta zama iri biyu, yaro ya ɗauka haruffa biyu ne. Ya ba shi aikin duba waɗanda suka bushe, ya nuna masa yadda ake bi da yatsa. Mai ɗakin Baba ta gaya mini a kwanakin nan sai da ta riƙa riƙe masa kofi in zai sha ruwa, don yatsunsa sun ƙi miƙewa. Ranar Alhamis mota ta zo ta kwashe littattafai, mai maɗaba'a da kansa ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ce da ba a gabansa aka yi ba, da ya rantse inji ne ya buga.

Saura guda ɗaya, wanda na ɗauka. Duk wannan mako Shiru ba ta ko amsa kiran suna da murya, hannu kawai take ɗagawa. Ranar Juma'a da safe na ji ƙarar keke a bakin aji. Baba ne, da rigarsa ta aiki, alƙalami a aljihu. Ya nemi izini ya shigo, ya karɓi littafin, ya ce a nuna masa wanda ya fi kowa baki a ajin. Yara suka nuna Sarkin Surutu. Ya ce ya karanta masa bangon. Yaron ya kalla sama-sama ya ce Jaruma ta Ƙasa, don ya haddace. Baba ya rubuta K da Ƙ a allo, manya, ya ce ya zo ya nuna wanne ne a bangon. Yaron ya duba, ya sake dubawa, ya nuna marar ƙugiya. Baba bai kunyata shi ba. Ya dafa kansa ya ce ita ma malamarsu haka ta yi, shi ma mai maɗaba'a haka ya yi, duk sun faɗi abin da suka ji ne, mutum ɗaya ne kawai ya karanta abin da aka rubuta.

Sannan ya taka har bencin ƙarshe. Dattijo mai furfura ya durƙusa a gaban 'yar shekara shida, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ke kin karanta daidai, mu ne muka rubuta ba daidai ba. Na gyara dubu biyu ba ɗaya, wannan naki ne. Ke kika gano shi, ke za ki gyara."

Ya cire murfin alƙalamin ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa. Ƙugiyar da ta yi ta fito ƙatuwa, a karkace, kamar wutsiyar akuya. Baba ya duba da kyau ya ce ta yi, yanzu me aka rubuta? Ta ce, "Jaruma ta Ƙasa." Ba wanda ya ce ta ci gaba, amma ta buɗe shafin farko ta ɗora yatsa. Ga rami. Akuya ta faɗa. Jaruma ta ji. Ta karanta shafi goma sha shida a tsaye, Baba yana durƙushe har ta gama, don ya ce in ya motsa zai katse ta. Ni kuwa na juya na fuskanci allo kamar ina goge wani abu, don kada yara su ga malamarsu tana hawaye.

Baba, kai ne ka koya mini cewa ana ba yaro haƙuri. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa kafin ranar, ban taɓa ganin babba ya durƙusa ya ce wa yaro ni ne na yi kuskure ba, ni ma ban taɓa yi ba. Kai ne mai gadin 'yar lanƙwasar da kowa yake rainawa, kuma dubban yaran da suka koyi karatu a littattafan nan ba su san fuskarka ba, sun dai san ba su taɓa tuntuɓe a shafin da ya bi ta hannunka ba.

A ƙarshen watan jiya muka haɗu a maɗaba'a don sallamarsa. An ture kwalaye gefe, an jera kujeru tsakanin injina. Idonsa ya yi rauni yanzu, shi ya sa ma ya ajiye aikin, likita ya ce ƙananan haruffa sun ishe shi haka. Shiru ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na wani asibiti, kuma abokan aikinta sun ce in ta fara magana sai an roƙe ta ta tsaya. Ta zo da littafin nan a jaka. Rawayan bangon ya koɗe, haruffan inji sun yi fari-fari, amma wutsiyar akuyar tana nan baƙa ƙirin.

Ni aka ɗora wa rubuta abin da za a manna a bango. Na rubuta a waya cikin sauri na tura wa masu bugawa, ba wanda ya kai wa Baba ya duba tunda don shi ake yi. Da aka zaunar da shi, ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido ya ce yana ganin an yi rubutu amma ba ya rarrabewa, Shiru ta karanta masa. Ta miƙe, ta kalli takardar, ta kalle ni, na ga dariya tana neman ƙwace mata. Ta karanta da ƙarfi, yadda aka rubuta: "Baba, aikinka bai kare ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara ashirin da wani abu yana jan kunnena, ga shi a ranar sallamarsa na ce aikinsa bai tsare kowa ba. Baba ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce lallai kuwa bai ƙare ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro alƙalamin, ya miƙa wa Shiru. Ta hau kujera ta sa ƙugiyar, wannan karon 'yar daidai. Da ta sauko ta miƙa masa abinsa, ya rufe hannunta a kai ya ce ta riƙe.

Mun gode, Baba Ƙugiya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta da daɗi, ya bar ka da shayinka ka sha shi da zafi ko sau ɗaya. Ku kuma masu rubuta wa yara, da masu bugawa, da malamai irina masu gaggawa, in kun gama shafi ku koma ƙasa ku hau sama da yatsa kamar yadda yake yi. In kun yi kuskure a gaban yaro, ku ce ku ne. A wani benci na ƙarshe akwai wata yarinya da ta ɗago hannu rabi, kuma abin da kuka rubuta shi za ta karanta.